Abinci ya wadaci duniya, to me ya sa har yau ake kwana da yunwa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mun tuwo a ƙwarya ina so mu tattauna tsakani da Allah. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2023 mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa, wato mutum 1 cikin 11 a doron ƙasa. A lokaci guda kuma hatsin da duniya ke nomawa a shekara ya kai wajen tan biliyan 2.8. In ka raba wa mutum biliyan 8 kowa zai tashi da kusan kilo 1 a kullum, hatsi kaɗai fa, ba a saka rogo da dankali da wake da mai da nama da kifi da madara ba. To dan Allah ina matsalar take? Kuma laifin a wuyan wa yake?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Baba. Ni a ganina mun yi yawa ne kawai, haihuwa ake ba ƙaƙƙautawa ƙasar noma kuwa ba ta ƙaruwa, dole a ji a jiki

Injiniya: Ƙanina wannan maganar ta tsufa, tun 1798 wani Bature mai suna Malthus ya faɗe ta, wai mutane za su ninka abinci ba zai ninka ba. A 1960 mutanen duniya wajen biliyan 3 ne, a ƙarshen 2022 aka cika biliyan 8, amma abincin da ke zuwa kan kowane mutum yau ya fi na 1960. Takin zamani da ingantaccen iri da ban ruwa sun sa gona ɗaya tana ba da ninkin ba ninkin abin da take bayarwa a da. Lissafin da Baban Ummi ya kawo ai da yawan mutanen yau ya yi shi, ka sake dubawa.

Ɗan Auta: toh Yaya in hakane ina hatsin yake tafiya?

Injiniya: Kusan kashi 1 cikin 3 na hatsin dabbobi ake ba, dan a samu nama da ƙwai da madara ga wanda ke da kuɗin saye. A Amurka sama da kashi 1 cikin 3 na masararsu man mota ake yi da ita. Sai asara, rahoton FAO na 2011 ya ƙiyasta kusan kashi 1 cikin 3 na abincin da ake nomawa dan mutane ko dai ya lalace a hanya ko a zubar, wajen tan biliyan 1.3 a shekara. A ƙasashe matalauta yawanci tun daga gona yake lalacewa sbd rashin rumbu mai kyau da hanya da wutar sanyaya kaya, a ƙasashen masu kuɗi kuma a kanti da cikin gida ake zubarwa.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Ni fa ina so mu riƙa faɗin gaskiya ko da ɗaci. Abinci ba daga sama yake faɗowa ba, wani ne ya yi gumi ya noma, wani ya zuba jari ya ɗauko ya adana. Da yawan masu kukan talaucin nan zuciyarsu ce ta mutu, ka ba mutum aiki ya ce ya yi mishi kaɗan amma gobe ka gan shi yana miƙa hannu. Kuma zancen zubar da abinci ana yawan kawo shi kaman hujja, to wanda ya rage abinci a faranti a wata nahiya ta yaya ragowar za ta isa bakin mai yunwa a wata nahiyar? Ko bai zubar ba ba ta zuwa.

Maman Khalifa: Alhaji da girmanka amma wlh maganar mutuwar zuciyar nan ta sosa mun rai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, sashen yara masu tamowa nake aiki. Yaron da ake kawo mana ɗan wata 14 hannunshi kaman kara, gashin kai ya yi ja ya zube, ƙafa ta kumbura, ko kukan kirki baya iya yi, shi wane aiki aka ba shi ya ƙi? Kuma iyayen da ke kawo su ba malalata bane, uwa ce da ke tashi tun kafin asuba ta ɗebo ruwa ta yi aikatau ta yi gona, uba ɗan dako ne ko leburan gona. In da wahala ce ke kawo arziki da su ne attajiran duniya. Yara kusan miliyan 148 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka tsumbure a duniya a lissafin 2022, kuma abin da ke ƙona mun rai shi ne illar da aka yi wa yaro a kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara 2, galibi ba ta gyaruwa. Ƙwaƙwalwar ba ta cika yanda ya kamata, ya shiga makaranta ya kasa, ya girma ya samu aikin da ba ya biya, ya haifi nashi su ma su taso a haka, sannan wani ya kalle shi ya ce malalaci ne.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Hajiya ban ce duka ba, kuma yara ba sa cikin maganata Allah ya sani. Amma ke ma ba za ki ce babu malalata ba

Maman Khalifa: Akwai su Alhaji, a cikin masu kuɗi ma akwai su, amma ɗan mai kuɗi malalaci baya kwana da yunwa. Kenan ba lalaci ke raba wanda zai ci da wanda ba zai ci ba.

Kawu: Ku yi haƙuri 'ya'yana in saka baki. Arziki da talauci duk na Allah ne, Shi ya fifita wasu a kan wasu a arziki, kuma duniya gidan jarrabawa ce. Tun da aka halicci duniya akwai mai shi akwai mara shi, yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba. Mu dai mu yi ta addu'a mu yi sadaka gwargwadon hali.

Malam Ƙarami: Kawu Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce ta fuska ɗaya, bambancin arziki yana nan kuma ba wanda ya isa ya goge shi. Amma bambanci daban, mutuwa da yunwa kusa da rumbu cike daban. Ka duba Suratu Yasin aya ta 47, in aka ce musu ku ciyar daga abin da Allah ya azurta ku sai su ce, ashe za mu ciyar da wanda in Allah ya so da ya ciyar da shi? Alƙur'ani a bakin waɗanda suka kafirta ya saka wannan maganar, ba a bakin muminai ba. Wato fakewa da ƙaddara dan a ƙi ciyarwa tsohuwar dabara ce kuma an riga an yi mata raddi. Suratul Ma'un kuma ta haɗa ƙaryata addini da rashin kwaɗaitarwa a kan ciyar da miskini, ba ma rashin ciyarwar kaɗai ba, rashin tura wasu su ciyar. Jarrabawar da Kawu ya ambata ai ta mai ƙoshi ta fi nauyi.

Sannan mu duba me magabata suka yi a aikace. Shekara ta 18 bayan hijira aka yi farin da ake kira Amur Ramada zamanin Sayyidina Umar, bai tsaya ga cewa a yi haƙuri ba, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, aka kafa tukwane ana ciyar da jama'ar da suka kwararo Madina, ya haramta wa kanshi nama da man shanu har sai mutane sun samu, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata, kuma ya fita roƙon ruwa. Addu'a da tsari ya haɗa. Annabi Yusuf alaihis salam ma tanadin shekara 7 ya tsara aka yi rumbuna, ba zama aka yi ana jiran fari ba.

Kawu: Allah ya saka da alheri Malam, ban yi musun ko ɗaya ba. Abin da nake tsoro shi ne yaran yanzu su ɗauka komai a hannun mutum yake har su manta da Mai bayarwa

Malam Ƙarami: Tsoron yana kan hanya Kawu. Mai bayarwa ya riga ya bayar, lissafin da aka kawo a sama shaida ne, rabon ne aka bar mana amana.

Mai Nazari: Ina bin zancen tun ɗazu, bari in kawo tarihi dan a nan ne abin yake fitowa fili. A 1943 an yi yunwa a yankin Bengal na Indiya ƙarƙashin mulkin mallakan Ingila, mutum wajen miliyan 3 suka mutu. Amartya Sen yana yaro ɗan shekara 9 ya ga abin da idonshi, daga baya ya zama masanin tattalin arziki har ya ci kyautar Nobel a 1998. Da ya bi alƙaluman sai ya nuna abincin da ke Bengal a 1943 ya fi na 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Abin da ya faru shi ne ana yaƙin duniya na 2, gwamnati na kashe kuɗi a birni tana sayen abinci wa sojoji da ma'aikata, farashin shinkafa ya ninka sau da yawa, masu hali suka saye suka ɓoye, ladan leburan gona da masunci da mai sana'ar hannu kuwa bai motsa ba. Su ne suka mutu. Mutane suna faɗuwa a titunan Kalkata, babban birnin yankin, ga shaguna a buɗe da abinci a ciki.

Haka ƙasar Ailan, maƙwabciyar Ingila, tsakanin 1845 da 1852, cuta ta kama dankalin da talakawa suka dogara da shi, mutum kusan miliyan 1 suka mutu wasu kusan miliyan 1 suka yi ƙaura, amma duk tsawon lokacin jiragen ruwa na fita da hatsi da dabbobi zuwa Ingila sbd na masu ƙasa ne, manomin haya dole ya biya kuɗin haya ko a kore shi. Kuma kar wani ya ce jari-hujja ce kawai, a Sin tsakanin 1959 da 1961 ƙarƙashin gurguzu mutum miliyoyi goma-goma suka mutu, jami'ai suna aika rahoton ƙarya wai an yi girbi mai yawa dan su faranta wa na sama, gwamnati ta kwashi hatsi bisa wannan ƙaryar har tana fitarwa waje, wanda ya buɗe baki ya faɗi gaskiya a hukunta shi.

Tsari uku mabambanta amma abu ɗaya ne a ciki, mai yunwar bai da iko a kan abincin kuma bai da bakin da za a ji. Kasuwa kuɗi take ji ba kukan ciki ba, shi ya sa masara ke bin tankin mota ta bar yaron da Maman Khalifa ke magana, mai motar ya fi uban yaron kuɗi, shikenan. Sen ya ce ba a taɓa yin gagarumar yunwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yan jarida masu 'yanci ba, dan shugaban da ke tsoron a kayar da shi baya barin gawa ta taru.

Ɗan Auta: kai subhanallah, wato ana fitar da abinci mutane na mutuwa, ban taɓa jin wannan ba wlh

Alhaji Ɗan Kasuwa: Malam Mai Nazari na ji ka amma kar a maida kasuwa abokiyar gaba. Ita Sin ɗin da ka ambata yaushe ta fita daga yunwa? Sai da aka sakar wa manoma mara bayan 1978 aka bar kowane gida ya noma ya sayar da rarar shi, Bankin Duniya ya ce mutum wajen miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a shekara 40. A 1990 sama da kashi 1 cikin 3 na mutanen duniya suna cikin matsanancin talauci, kafin korona ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. Ba sadaka ce ta yi wannan ba, aiki ne da ciniki da masana'antu. In ka ce ɗan kasuwa ya sayar a faɗuwa gobe ba wanda zai kawo kaya.

Mai Nazari: Wannan gaskiya ne Alhaji kuma ya kamata a riƙa faɗa dan kar mutane su yanke ƙauna, an samu ci gaba na gaske. Amma ka lura manoman Sin ɗin an raba musu ƙasar nomawa gida-gida, kuma akwai karatu da rigakafi da aka riga aka shimfiɗa, wato sun shiga kasuwa da wani abu a hannu. Wanda ya shiga kasuwa hannu rabbana kasuwa ba ta san da shi ba. Ga Amurka nan da ƙarfin kasuwa da yawan abinci, amma a 2023 mutum sama da miliyan 40 da tallafin abinci na gwamnati suka riƙa cika cikinsu. A Ingila ana layi a wuraren rabon abinci kyauta. In da yalwa kaɗai ke maganin yunwa da ba za a ga haka a can ba.

Anti Rahila: Sannunku 'yan uwa, ni Kirista ce kuma abin da Malam Ƙarami ya faɗa ya yi daidai da abin da muke karantawa. A Littafin Firistoci sura 19 an umarci mai gona kar ya girbe gonarsa har gefe-gefe, kar ya koma ya tsince abin da ya zube, ya bar wa matalauci da baƙo. Abin lura shi ne ba a ce ya girbe duka sannan in ya ga dama ya ba da ba, tun farko wannan gefen ba nashi bane. Talaka zai shiga ya tsinta da hannunshi ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Ni abin da ke damuna da yanda muke taimako yau shi ne wulaƙancin da ke ciki, a tara mutane a rana a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook. Yunwa na cin jiki, wannan kuma na cin mutunci.

Malam Ƙarami: Hakane Anti. Zakka ma haƙƙi ce ba alfarma ba, kashi 2.5 cikin 100 na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, amfanin gona kashi 10 in ruwan sama ya shayar, kashi 5 in da wahalar ban ruwa. Mai karɓa nashi ya karɓa. Kuma ɓoye abinci dan a jira ya yi tsada alhali mutane na buƙata, an yi hani da shi ƙarara.

Uwar Gida: Ni dai duk wannan zagaye-zagaye ne, shugabanni ne matsalar, a faɗa kawai. Ƙasa na da mai da zinare da ƙasar noma amma 'yan tsiraru sun wawure sun kai bankunan waje, kuɗin taki a cinye, kuɗin madatsar ruwa a cinye, hatta abincin agaji a karkatar a kai kasuwa. Ba Bature bane ya zo ya yi wannan, namu ne

Injiniya: Hajiya ba wanda zai wanke ɓarayin gida, amma bankin da ya karɓi kuɗin satan a ina yake? Kuma akwai abin da aka ɗora daga waje. Haiti a da tana noma yawancin shinkafar da take ci, a 1995 aka matsa mata ta sauke harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100, shinkafar Amurka mai tallafin gwamnati ta cika kasuwa, manoman gida suka kasa gogayya suka bar gona suka cika birni. A 2008 da farashin shinkafa ya ninka kusan sau 3 a duniya cikin 'yan watanni, bayan Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da tasu, aka yi tarzomar yunwa a Haiti har firaminista ya rasa kujerarsa. Tsohon shugaban Amurka Bill Clinton da kanshi a 2010 ya fito ya ce manufar kuskure ce, ta amfani manoman jiharsu amma ta cuci Haiti. Sai kuma bashi, hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2023 mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashin da suke biya ya fi abin da suke kashewa a ilimi ko lafiya. Hannu biyu ne a cikin aljihun talaka, na gida da na waje.

Uwar Gida: toh amma wa ya ciyo bashin? kuma ina aka kai shi? nan ma dai shugabannin ne suka sa hannu

Injiniya: Su ne, kuma mai ba da bashin ya san halinsu ya ba su. Wanda bai ci bai sha ba shi ke biya.

Tsohon Soja: Ba ku taɓo babban ba har yanzu, yaƙi. Duk inda kuka ji an ayyana yunwa a 'yan shekarun nan bindiga na wurin. Somaliya 2011 mutum kusan 260,000 suka mutu rabinsu yara ƙanana, kuma an yi ta gargaɗi watanni kafin nan ba a motsa ba sai da hotunan gawa suka fita. Sudan ta Kudu 2017. Sansanin Zamzam a Darfur 2024. Ga kuma halin da aka shiga a Yaman da Gaza. Manomi baya shuka in ya san ba zai girba ba, kuma akwai masu hana abinci shiga da gangan dan su durƙusar da mutane, har Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 2417 a 2018 yana Allah wadai da amfani da yunwa a matsayin makami, amma wa aka hukunta? Na ga abin da yaƙi ke yi wa ƙauye da idona, ba na son tunawa. Kuɗin da duniya ta kashe a harkar soja a 2023 ya haura dala tiriliyan 2.4, a shekarar kuma hukumar rabon abincin agaji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, tana rage rabon 'yan gudun hijira sbd kuɗi bai isa ba. Ba rashin kuɗi bane, inda aka ga dama ake kai shi.

Baban Ummi: Allah ya saka wa kowa, na ƙaru sosai. Amma har yanzu rabin tambayata na nan, laifin wa? Dan in muka ce tsari ne, shugabanni ne, yaƙi ne, sai kowa ya kaɗe rigarsa ya ce ba ruwana. Ni da ke cin sau 3 a rana ina da kaso a ciki ko babu?

Maman Khalifa: Yaya ni a ganina akwai. Ba wai kai ka jawo ba, amma ka sani kuma kana da iko ko yaya. In yaro na nutsewa a gabanka ba ka ce ba ni na tura shi ba. Abin da ke faruwa shi ne mun saba, yunwar yau da kullum ba ta da ƙara, ba a nuna ta a labarai, uwa ce ke cewa ta ƙoshi dan yara su cinye, yarinya ce ke barci a aji. Kuma mun ƙware wajen nisanta kanmu, mu gina katanga mu sa gilashin mota mai duhu, in ba ka gani ba sai ka samu barci.

Alhaji Ɗan Kasuwa: To ko na rabar da duk abin da na mallaka mutum nawa zai ciyar, na kwana nawa? Gobe mu zama mu duka masu neman taimako

Anti Rahila: Ba wanda ya ce ka rabar da duka Alhaji. Amma akwai tambayoyin da ke hannunka kai kaɗai, nawa kake biyan masu yi maka aiki, kana biya a kan lokaci, in kaya ya yi ƙaranci kana fitarwa ko kana rufe sito. Mai aiki cikakken wuni da ladansa baya ciyar da gidansa, wannan ba sadaka yake buƙata ba, haƙƙinsa ne aka rage.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Wannan kam na yarda, lada kafin gumi ya bushe, haka aka koya mana. Inda nake da ja shi ne rabon kuɗi kyauta daga gwamnati, yana kashe zuciya

Mai Nazari: To mu duba inda aka gwada. Brazil a 2003 shugaban ƙasar Lula ya ƙaddamar da shirin kawar da yunwa, aka riƙa ba gidaje matalauta ɗan kuɗi duk wata, akasari a hannun uwa, da sharaɗin yara su je makaranta a yi musu rigakafi. A 2009 suka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta daga ƙananan manoma za a sayi abincin, kenan yaro ya ci manomi ya samu kasuwa. A 2014 FAO ta cire Brazil daga taswirar yunwa, wato jerin ƙasashen da ke fama da yunwa. Da aka yi sakaci da shirye-shiryen tattalin arziki kuma ya taɓu sai yunwar ta dawo. Ƙasar ɗaya ce, gonakin ɗaya ne, abin da ya canza shi ne shawarar masu mulki.

Indiya kuma a 2001 rumbunan gwamnati maƙare da hatsi tan miliyoyi har yana ruɓewa ga mutane na mutuwa da yunwa a yankunan fari, masu fafutuka suka kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta tilasta a riƙa dafa wa yaran firamare abincin rana. A 2013 aka yi dokar da ta ba kusan kashi 2 cikin 3 na jama'ar ƙasar haƙƙin hatsi mai rahusa. Ba a gama da tamowa a Indiya ba har yau, akwai satar kaya akwai waɗanda sunansu baya shiga rajista, amma yanzu mai yunwa na da inda zai tsaya ya ce a ba ni nawa.

Uwar Gida: duk wannan sai in akwai amana, in ba haka ba rajistar ma 'yan uwan jami'ai za a cika da su

Mai Nazari: Shi ya sa maganar baki ta dawo Hajiya, ana sata a ko'ina amma inda mutane ke iya ganin rajista su yi ƙorafi a ji su satar na raguwa. A 2015 ƙasashen duniya suka sa hannu cewa za a kawar da yunwa kafin 2030, tun 1996 ma a Rum aka yi alkawarin rage yawan masu yunwa da rabi kafin 2015 ba a cika ba, kuma ba shugaba ɗaya da ya rasa kujerarsa dan an saɓa.

Ɗan Auta: Yaya Mai Nazari dan Allah tambaya, ita Brazil ɗin da aka ba mutane kuɗi sun daina aiki ne kaman yanda Alhaji ke tsoro?

Mai Nazari: Binciken da aka yi a kan irin waɗannan shirye-shiryen a ƙasashe da dama bai nuna mutane na ajiye aiki ba, kuɗin ma bai kai a zauna a kanshi ba, abinci da takalmin makaranta da magani yake tafiya. Mai ciki a ƙoshe ya fi iya aiki ai.

Alhaji Ɗan Kasuwa: Zan so in ga binciken da kaina kafin in sauka daga ra'ayina. Amma ciyar da yara a makaranta da sayen abincin a hannun ƙananan manoma, wannan ko harajina za a ƙara dan shi ba zan yi ƙorafi ba, in dai zan ga inda kuɗin ya shiga

Maman Khalifa: Sai dai a tuna Alhaji, yaran da nake magana ba su kai shiga makaranta ba, kafin su kai aji 1 an riga an yi ɓarnar. Dole a faro daga mai ciki da mai shayarwa. Zan shiga aiki yanzu, in na fito zan rubuto muku abin da ake ba yaro mai tamowa da yanda makonni kaɗan ke tashin shi in an kawo shi da wuri.